Littafin Soyayya: Mai Gishiri da Lami

Yau kun iya haɗa baƙi da wasali. Kuna karanta takardar likita, kuna duba lissafin taki da iri, kuna rubuta sunanku da hannunku. Amma karatu bai tsaya nan ba. Akwai karatun da mutum ke yi don zuciyarshi ta huta. A cikin irinshi babu wanda ya kai littafin soyayya yawan masu nema.

Littattafan nan sun iso har Atantane. Wasu ƴan cin rani ke zuwa da su daga Kano da Katsina. Wasu a Maraɗi ko Tasawa ake sayo su. Yanzu ma ba sai da takarda ba: ana karanta su a radiyo, ana sa su cikin salula, mace na saƙar tabarmar kaba tana saurare.

To ga tambayar da za mu duba tare. Mi ya sa wani littafin in ka gama shi sai ka ji kamar ka rabu da ɗan'uwa, ka kwana kana tunanin mutanen ciki, wani kuwa in ka kai ƙarshe sai ka yi tsaki, ka ji haushin kuɗinka da lokacinka? Dukansu saurayi ne da budurwa. Dukansu akwai kuka da dariya. Ina bambancin yake?

Kada ka ce wannan zancen ƴan birni ne. Abin da mutum ke karantawa yana zauna mashi a zuciya kamar yadda ruwa ke zauna wa randa. Ƴarka ko ƙanwarka da ke sauraren labaran nan, daga cikinsu take ɗinka hoton mijin da take fata. Ɗanka ma haka. Saboda haka ya kamata mu san mai kyau da marar kyau.

Daga ina suka fito?

Labarin so ya girmi takarda. Kakanninmu sun yi shi cikin tatsuniya da waƙar dandali. Larabawa suna da labarin Laila da Majnun, wanda so ya zautar. A rubutun boko kuwa, a 1933 aka yi gasar rubuta labarai da Hausa a Najeriya ta Arewa, ƙarƙashin wani Bature, Rupert East. Cikin littattafan farko na wannan lokaci akwai Jiki Magayi, na John Tafida da shi East ɗin. Labarin Abubakar ne, wanda mai kuɗi Malam Shehu ya ƙwace wa budurwarshi Zainabu, shi kuma ya sha alwashin ramuwa.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Labarin wata ƴar Fulani ne da ta so wanda ba ƙabilarta ba. Daga nan, cikin shekarun 1980 da 1990, samari da mata a Kano suka shiga rubutawa suna bugawa da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa. Littattafai suka yi yawa ƙwarai. Abin da ya yi yawa kuwa, dole a samu tsaba a samu ƙaiƙayi. Aikin mai karatu shi ne sheƙe.

Abu na farko: mutane masu jini a jika

Buɗe wani littafin, sai ka tarar da budurwa wadda babu irinta a duniya. Marubuci zai cinye shafi uku yana faɗin idonta, da hancinta, da gashinta, da zanen da ta ɗaura. Saurayin kuma ɗan attajiri ne, ya yi karatu a Ingila, motocinshi ba su ƙirguwa, bai taɓa fushi ba. Ka kai shafi na hamsin ba ka san halin kowa ba. Ba ka san mi ke ba yarinyar tsoro ba. Ba ka san abin da saurayin zai yi in ya wayi gari babu ko dala ba.

Ka tuna tatsuniyar yarinyar nan da ta ce ba za ta auri kowa ba sai namiji marar tabo. Ta kori samarin garinsu duka. Da marar tabon ya zo ta bi shi, sai a daji ta gane ashe ba mutum ba ne. Tsofaffinmu sun san abin da suke faɗi. Ɗan Adam da tabo yake. Wanda aka nuna maka babu tabo ko ɗaya, to kwalliya aka nuna maka.

Littafi mai daɗi yana ba ka mutum da kirkinshi da raunin halinshi. Yarinyar tana da hankali, amma tana da saurin fushi. Saurayin yana da gaskiya, amma yana jin tsoron babanshi. Uwar da ta hana auren tana son ƴarta, talauci ne ya firgita ta. Ko kishiyar ma tana da nata dalili, don ita ma an taɓa yi mata alkawari an karya. Sa'ad da ka ga haka sai ka ce: wallahi na san mai irin halin nan a unguwarmu. Daga nan labarin ya kama ka, don ba ka iya damuwa da wanda ba ka sani ba.

Abu na biyu: shingen gaskiya

In saurayi ya ga budurwa, ta so shi, iyaye suka yarda, aka ɗaura aure, to madalla, amma babu labari. Labari na farawa ne inda wani abu ya shiga tsakani. Saboda haka ka duba da kyau: mi ya raba su?

A wasu littattafan shingen na kara ne. Yarinya ta hangi saurayinta yana magana da wata, ashe ƙanwarshi ce. Maimakon ta tambaya, sai ta yi yaji, a yi ta jan zance har littafi na uku. Kalma ɗaya ta isa ta kashe rigimar, amma marubuci ya hana a faɗe ta, don yana son ka sayi na biyu da na uku da na huɗu. Wani kuma duk abin da ya gagare shi bayani sai ya ɗora wa boka. Miji ya juya wa matarshi baya, asiri ne. Ya dawo, asiri ya karye. Ta haka babu mai laifi, babu wanda ya zaɓi komi da kanshi, babu abin da mai karatu zai koya. Wasu kuwa fim ɗin Indiya suka kalla suka juye, har ka rasa a wace ƙasa mutanen suke zaune.

Shingen gaskiya shi ne wanda kai ma ka san shi. Sadaki da kayan aure da suka fi ƙarfin manomi in damina ta yi gardama. Saurayin da ya tafi cin rani Libiya ko Aljeriya ya yi shekara biyu babu labari, ga masu neman aure sun dami gidan. Uban da ya ci bashin mai kuɗi, yana jin kunyar hana shi ƴa. Zancen asali, a ce wane ɗan maƙera ne, ko ɗan mahauta ne. Waɗannan ba su faɗuwa da kalma ɗaya.

Shi ya sa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya ratsa mutane. Sumayya ƴar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da dukiya. A gida aka matsa mata ta auri attajiri Abdulƙadir. Da abin ya kai mata iya wuya sai ta faɗa rijiya, Allah ya sa aka ciro ta da rai. A nan sai mai karatu ya yi hattara. Kashe kai haramun ne, kuma ba mafita ba ne. Abin lura shi ne inda tilas ke iya kai yarinya. Iyaye da yawa sun karanta wurin nan sun ga kansu.

Mu nan Nijar ba baƙin zancen ba ne. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna ƴan mata 76 cikin 100 a ƙasarmu ana yi musu aure ba su cika shekara 18 ba, kuma jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi yawa. Ke nan in littafi ya yi maganar yarinyar da aka ba wanda ba ta so, maganar cikin gidajenmu yake yi.

Abu na uku: ƙarshen da aka yi wa gumi

Nan ne littattafai da yawa ke faɗuwa. An wahalar da masoya shafi ɗari biyu. Saura shafi biyar a gama, sai ga wani Alhaji ya fito daga inda ba a sani ba, ya ce saurayin ɗanshi ne da ya ɓace tun yana jariri. Talaka ya zama attajiri cikin dare ɗaya. Iyayen yarinya da suka kore shi jiya, yau suna shimfiɗa mashi tabarma. Aka yi biki, aka tafi Makka, ƙurunƙus.

Mi ya sa irin wannan ƙarshe ke barin baƙin ciki, alhali kowa ya samu abin da yake so? Tsaya ka duba abin da labarin ya koyar. Da farko ya ce maka so ya fi kuɗi. A ƙarshe kuma kuɗi ne suka ɗaura auren. Ashe iyayen da suka ƙi talaka su ne da gaskiya, don ba su yarda ba sai da ya daina zama talaka. Marubucin ya rushe ginin da ya yi da hannunshi. Kai kuma da ba ka da Alhajin da zai fito ya ce kai ɗanshi ne, an bar ka inda aka same ka.

Ka san daɗin tuwon hatsin da ka noma da kanka. Ka yi shuka, ka yi noman fari, ka yi maimai, ka kori tsuntsu, ka ɗaure damma. Haka ƙarshen labari yake. Daɗinshi na zuwa ne in mutanen ciki suka kai gare shi da haƙurinsu, da dabararsu, da gyaran halinsu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Dubi Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. An cire Abu daga makaranta tana yarinya. Wanda aka so ta aura ya ƙi ta, ya ce ba ta da ilimi. Aka ba da ita ga dattijo Sarkin Noma. Ta gudu zuwa Kano, ta koma karatu, a hankali har ta zama ma'aikaciyar jinya. Babu dukiyar da ta faɗo mata daga sama. Da ƙafarta ta hau, taki bayan taki, kuma kana tare da ita a kowane taki. Ita marubuciyar ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana wajen shekara 13, daga baya ta shiga ajin yaƙi da jahilci a Kano. Irin bencin da kake zaune a kai yau, ita ma ta zauna. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987.

Dole ne a ƙare da biki?

Wani zai ce: malam, ni na wuni a gona rana ta gasa ni. Ita kuma ta wuni tsakanin rijiya da turmi da murhu. Wahala muna da ita a gida, ba mu sayen littafi don a ƙara mana. A bar mu mu ji labarin masu mota da gidan bene, ko na awa ɗaya ne mu manta.

Wannan magana tana da nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Hutun zuciya haƙƙi ne. Babu laifi labari ya ƙare da guɗa, kuma labarin so da yawa masu kyau da aure suka ƙare. Mai karatu na son ya ga masu gaskiya sun ci riba, don hakan na ƙara mashi ƙarfin zuciya. Marubucin da ya kashe masoya haka kawai don ya sa ka kuka, shi ma ya cuce ka, kamar wancan mai Alhajin ƙarya.

Amma hutu iri biyu ne. Akwai barcin da kake tashi da ƙarfi, akwai wanda kake tashi jiki ya mutu. Wani littafin in ka rufe shi ka dubi matarka da ɗakinka, sai ka ji tausayi da godiya sun ƙaru. Wani kuwa in ka rufe sai komi naka ya zama abin raini: mijin bai iya kalamai ba, matar ba ta da fari, ɗakin na laka ne. Na farko ya ba ka hutu. Na biyu ya ranta maka daɗin awa ɗaya, za ka biya da ƙuncin wata guda.

Kuma akwai labarin da ƙarshenshi ke da ɗaci amma ba ka da-na-sanin karanta shi. A Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na Balaraba, na 1990, Alhaji Abdu ya auro Delu ya kori matarshi Rabi da ƴaƴanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe ƴaƴan. Daga baya shagon Alhaji ya ƙone, Delu ta juya mashi baya, ya dawo yana neman Rabi, dangi kuma suka matsa mata ta koma. Masu karatu da yawa sun ji zafin wannan ƙarshe. Wasu sun ce bai kamata ta koma ba. Wasu sun ce haka ake yi wa mata, gara a faɗa. Har yau ana gardama a kai, kuma a 2012 an fassara shi da Ingilishi an buga a Indiya. Littafin da ya bar mutane suna muhawara bayan shekara 30 ba lami ba ne.

Ko a tarihin Musulunci akwai irin wannan. Malamai na ba da labarin Barira, baiwar da aka ƴanta a Madina, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugis. Shi kuwa yana bin ta a hanya yana hawaye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya mashi, ya nema mashi alfarma a wurinta. Ta tambaya ko umurni ne. Da ta ji ba umurni ba ne, ta ce ba ta komawa, kuma ba a tilasta mata ba. Dubi yadda labarin yake. Kana tausayin Mugis, kuma ba ka iya ganin laifin Barira. Son maso wani ƙoshin wahala. So ba ya samuwa da roƙo, balle da tilas. Marubucin da ya gane wannan, littafinshi zai yi gishiri ko an yi biki ko ba a yi ba.

Shin suna ɓata tarbiyya?

Dattawa da yawa na cewa littattafan nan ke koya wa yara rashin kunya da ƙin bin iyaye. A Kano zancen ya yi zafi, har a 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan da aka karɓe daga hannun ƴan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a.

Tsoron dattawa yana da tushe. Akwai masu rubuta batsa don su samu kasuwa, kuma abin ya ƙaru tun da labarai suka koma cikin salula, inda kowa ke rubuta abin da ya ga dama. Akwai masu nuna wa yarinya cewa darajarta na ga kyan fuska da auren mai kuɗi. Waɗannan sun cancanci a guje su.

Sai dai ba a ƙona rumbu don ɓera ya shiga. In yarinya ta karanta cewa ba a yi wa mace auren dole, ba littafin ne ya ƙago maganar ba. Shari'a ta ce a nemi yardarta. Hansa'u ƴar Hizamu ta kai ƙara wurin Annabi cewa ubanta ya aurar da ita ba ta so, aka warware auren. Kuma a lura da wani abu: mata da yawa a ƙasar Hausa sun dage da karatun boko ne don su iya karanta labaran nan da kansu. Wanda ya iya karanta labarin Sumayya, gobe zai iya karanta takardar maganin ɗanshi.

Abin da ya fi wuta amfani shi ne zama tare. Ki karanta abin da ƴarki ke karantawa. Ka saurari abin da ɗanka ke saurare. Sannan a yi hira: wane ne ya kyauta a labarin nan, wane ne ya yi zalunci, da ke ce ya za ki yi? Wata maganar da kunya ke hana uwa da ƴa su yi ta kai tsaye, ana iya yin ta da sunan Abu ko Rabi.

Yadda za ka gwada littafi

In littafi ya zo hannunka, karanta shafi goma na farko. In ka fara sanin halin mutanen, ci gaba. In har yanzu ana lissafin motoci da gwala-gwalai, mai da shi ga mai shi. Duba rubutun kuma. Littafin da ke cike da kurakurai, ko wanda aka cusa wa Ingilishi kowane layi, zai gajiyar da sabon mai karatu har ya zaci shi ne bai iya ba, alhali laifin marubuci ne.

In ka gama, tambayi kanka abu biyu. Masoyan nan da guminsu suka kai inda suka kai, ko ɗauko su aka yi aka ajiye? Ni kuma, na tashi da ƙarin tausayin mutanena, ko da ƙarin raina su?

Sa'an nan ka sani, labarin so bai ƙare a Kano ba. Yana nan a Atantane, da Mayayi, da ƙauyukan bakin Gulbin Kaba. Akwai wadda ta jira ɗan cin rani damina uku. Akwai tsoho da tsohuwa da suka binne ƴaƴa tare, suka ga yunwar 1984 tare, har yau in ɗaya bai ci ba ɗaya ba ya ci. Ba su taɓa ce wa juna kalmar so ba, amma wane littafi ya fi nasu? Ba a rubuta irin waɗannan ba, don masu su ba su iya rubutu ba a da. Yanzu kun iya. A 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata don mata masu rubuta gajeren labari. Duk wadda ta taɓa shiga, da baƙi ɗaya ta fara, kamar ke.

Ga abin da za ku tattauna a aji tare da malaminku. Da ke ce Rabi, za ki koma gidan Alhaji Abdu? Da kai ne baban Sumayya, ga talaka mai kirki ga attajiri, wa za ka ba, kuma don mi? Ku yi gardama da ladabi, kowa ya kawo hujja. Wanda ya fi ƙarfin hannu a cikinku ya rubuta amsoshin, ku aiko mana, tare da labarin so na garinku in kuna da shi. Ku sake sunayen mutanen don kada a tona asirin kowa.

Allah ya ƙara basira, ya ba mu damina mai albarka.